'Ya'yan Fari na Kukar Sambo

Magana ta bazu a Kukar Sambo cewa na'urar ƙidayar da aka kafa a bakin kasuwa tana cinye mutane. Doka ce yanzu: garin da mutanensa suka yi kaɗan, a rufe rijiyoyinsa, a kwashe shi zuwa birni. An ce Kukar Sambo na cikin masu tashi.

Malama Tabawa, tsohuwar shugabar firamare, ba ta yarda ƙarfe na cin mutum ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin na'urar, ta kasa kunne.

Sai ga Lantana mai ƙosai ta zo a ƙidaya gidanta. Na'urar ta ce, "Faɗi sunayen 'ya'yanki."

Lantana ta jero su, ta tsallake babban.

"Ke Lantana, Isiyaku fa? A bishiya kika tsinko shi?"

Lantana ta rufe baki da mayafi. "Haba Malama! Ɗan fari, a bainar jama'a? Gara a kwashe ni."

"Ba inda za mu. Riƙe kunyarki, ai ni ban haife shi ba."

Malama ta miƙe, ta fuskanci na'urar, ta shiga kiran sunaye gida-gida kamar tana gaban aji.

Na'urar ba ta cinye kowa ba. Duk garin, babu uwar da ta ambaci ɗanta na fari.