Tsohon Inji a Ƙofar Gayan

Ana ɗora tsohon injin sassaƙar ƙarfe a bayan a-kori-kura, Ya'u yana ta shafa shi kamar jariri. Bai iya aikin ba tukuna. So yake ya koya sannu a hankali, ya ƙera wa Radiya zobe da hannunsa, sannan ya gaya mata abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

"Malam Nabil, inji mai lafiya haka, me ya raba ku?"

Mai injin ya yi dariya. "Aure, ɗan'uwa! Kai ka cika min lefe yau. 'Yar Limancin Kona ce, Radiya ta gidan Malam Jamalu. Ka santa?"

Ya'u ya sauke hannunsa daga kan injin.

"Na santa," ya ce. "Allah ya sanya alheri."