Shingen Dashi Mai Tafiya

Ajiye gatarin nan tukuna, Nomau. Rassan dashi ka zo nema a shingena, kuma zan ba ka, ai ba na sayarwa ba ne. Amma maganar da ka yi yanzu, wai tunda maƙwabcinka ya tafi cin rani za ka ɗan tura shingen gaba kaɗan, wa zai sani, ita ce ta ɓata mini rai. Wallahi ba don kai ɗan ƙanwata ba ne, da tuni na kore ka daga ƙofar gidan nan. Zauna ka ji.

An yi wani manomi da gonarsa ke iyaka da ta wani talaka mai zuwa cin rani. Da an gama girbi sai talakan ya kama hanyar kudu neman na cefane, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Tsakaninsu shingen dashi ne tun na iyaye. To, ka san halin dashi: ba a sayensa, ba a yi masa ban ruwa. Ka sari reshe da bazara ka kafa a ƙasa, ruwa na sauka ya yi ganye kamar can ya tsiro tun fil azal. Wannan sauƙin shi ya ruɗi manomin. Wata bazara, da ya ga ba idon kowa, ya sare shingen kaf, ya kafa rassan cikin gonar maƙwabcin, ya ja ƙasa ya rufe kututturan. Haƙe su aiki ne, shi kuwa macuci ba ya son gumi. Mai cin rani ya dawo ya tarar da shinge kore shar. Ya ga kamar gonar ta tsuke, amma ya ce ko idonsa ne. Da shekara ta zagayo aka sake tura shingen, aka kuma sakewa. Geron da ke riƙe iyalinsa har sabo ya fito ya koma ba ya kai su ko tsakiyar damina. Da abin ya ishe shi ya kai ƙara wurin mai gari. Aka zo da dattawa, aka ga shinge a tsaye da ganyensa. Macucin ya dafa ƙirji ya ce, "Jama'a, ice yana tafiya ne?" Aka kwashe da dariya. Daga ranar duk inda bawan Allahn nan ya gifta sai a tambaye shi ko shingen ya iso ƙofar ɗakinsa. Tir! An ci gonarsa, an kuma mai da shi mahaukaci, ni wannan dariyar ta fi satar yi mini ciwo.

Abin da wawan macucin ya manta, icen da ke kamawa da wuri ba ya mutuwa da wuri. Kututturan nan suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Kowace damina sai sun tofo, shi kuma yana bin su da fartanya yana fille su tun ba wanda ya gani, ko ƙodago ba ya bari a yi masa a wannan ɓangaren. Sai wata damina ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya, ya kwanta. Ciyawa ta taso. 'Yan'uwansa, don tausayi, suka kira masa gayya ba tare da sun shawarce shi ba. Gari ya fito da makaɗi, har da shi maƙwabcin da aka cuta, da fartanyarsa a kafaɗa, don shi bai iya ƙin gayya ba. Suna isa suka yi cirko-cirko. Ga tohon dashi ya fito jeri bayan jeri a tsakiyar gona, kowane jeri iyakar shekararsa, can baya kuma ga manyan kututturan shingen iyaye sun yi toho har gwiwa. Makaɗi ya sauke ganga. Ba wanda ya nemi shaida, ba wanda aka ba rantsuwa. Mai gari ya taka har manyan kututturan ya kafa sandarsa, ya ce iyaka ta koma nan. Mutane suka saɓa fartanyoyinsu suka watse, ko ciyawa ɗaya ba su cire wa macucin ba. A shekarar bai girbi komai ba sai dashin da ya kafa da hannunsa.

To, tashi ka sari rassan, zaɓi masu kauri, sun fi saurin kamawa. Amma ka kafa su daidai inda ubanka ya bar maka, kada ka ƙara ko taƙi. In ka ƙi ji, kada ka zo mini da kuka, domin alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.