Wayar Kailani Ba Ta Gyaru Ba

Ƙarfe huɗu na yamma, hadari ya haɗo a Tudun Wada, Kailani ya sake tsayawa gaban teburin Zulkiflu mai gyaran waya.

Daga Damagaram Kailani ya zo karatu a jami'ar da ke unguwar Kongo, nan kusa. Sati biyu ke nan wayarsa a mace, hidimar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta hana shi kawo ta sai jiya.

"Malam, gida ba su ji ni ba, kuma na baro Inna ba lafiya."

"Ba ta gyaru ba tukuna. Ka dawo gobe."

"Da safe ka ce yamma, yanzu kuma gobe. Kai dai ka koma gyaran tocila." Ya yi tsaki, ya tafi.

Zulkiflu ya jawo durowa a hankali. Wayar tana kunne tun hantsi. A fuskarta ga saƙon yayan Kailani, kwana tara da aikowa: "Allah ya yi wa Inna rasuwa, an kai ta."

A ransa ya ce, wannan ba maganar da ɗa zai karanta shi kaɗai a bakin titi ba ce. Ya rufe teburinsa, ya nufi Kongo neman shugaban ɗaliban Nijar.