Numfashin Rabi'u a Zauren Baba

Ku matso ku zauna, ku ji yadda aka yi a wani zaure a Rawayya bayan la'asar.

Hussaina ce ta fito wurin saurayinta Rabi'u, ɗalibin jami'a a Gusau, tana ɗari-ɗari, don ta san zafin zuciyarsa.

"Baba ya ce ba zai ba ka ni ba," in ji ta. "Wai shi ya gan ka bara ka shaƙe ɗan kabu-kabu a kasuwa."

Ta jira tsawa. Sai kawai ya lumshe ido, yana jan numfashi a hankali.

"Malam, barci kake ko raini ne?"

"Ko ɗaya," in ji shi. "Wata malama ce ke koya mana a makaranta. In zuciya ta taso, ka zauna ka bi numfashinka har ta lafa, sannan ka yi wa wanda ya ɓata maka rai fatan alheri. Yanzu Baba nake yi wa."

"Fatan me?"

Ya buɗe ido. "Allah ya ba shi surukin da hankalinsa zai kwanta da shi. Ko da ba ni ba ne."

Hussaina ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko.

Sai ga gyaran muryar Baba daga bayan katanga. "Ke Hussaina, a ƙasa kika bar yaron nan? Kai masa tabarma."

To ku faɗa mini, wanda aka kora ake shimfiɗa wa tabarma?