Gambar Iyakar Iya Dudu

Tun da alƙalai suka daina sauraron rigimar gona, kotu ke naɗa wa kowace ƙara na'ura, mai magana da muryar wanda mai ƙara ya fi jin nauyinsa.

Ranar Talata aka ajiye ɗaya gaban Iya Dudu, wadda ta kai ƙarar maƙwabcinta Sallau saboda ya tumɓuke ciyawar gamba da ke nuna iyakar gonarta.

"Dudu, yi haƙuri ki bar masa kunyoyin nan biyu," in ji na'urar, da muryar marigayi mijinta, har da ɗan tarinsa.

Iya Dudu ta gyara mayafi.

"Shekara arba'in ina musu da mai muryar nan, yana raye ma bai kayar da ni ba. Sallau, ɗauko ta mu je gona, ta ga ramin gambar."