Jarkar da Haladu Ya Ɓoye

Haladu mutumin Darki ne, manomin tumatir a fadama, kuma tun tasowarsa bai taɓa jefar da abu mai murfi ba. Gwangwanin madara, kwalbar turare, bokitin fenti, kowa da aikinsa a gidan. A ganinsa yar da abin da bai fashe ba almubazzaranci ne, kuma ya tabbata za a tambayi mutum a kai ranar gobe ƙiyama.

Da noman ranin bana, wasu ɗaliban jami'a daga Wudil, masu karatun kimiyyar muhalli, suka fara zuwa fadamar duk Asabar. Ba mai biyan su, aikin sa kai ne. Suna ɗibar ruwan rijiyoyi su je su auna, suna kuma tsince jarkokin maganin feshi da manoma suka yar a gefen lambu. Jagorarsu wata yarinya ce Kirista 'yar Gombe, sunanta Rahila.

Wata rana bayan sun gaisa da Haladu, an tambayi gida da aiki da gajiya, ta ce, "Baba, in ka gama feshi a taimaka mana da jarkar. Kar a zuba komai a ciki."

"Ko an wanke?"

"Ko an wanke da omo da toka da ruwan zafi. Robar ta riga ta sha maganin. Duk abin da aka zuba daga baya zai jawo shi, balle ma mai."

"To ku me za ku yi da su, 'yar nan?"

"Hudawa za mu yi, mu tara su inda ba za su cuci kowa ba."

Haladu ya ce, "Allah ya yi albarka," wanda a bakinsa yake nufin ban yarda ba. Ya zauna ya yi nazari irin na manya. Yarinya ta yi karatu har jami'a, sannan ta sa takalmin roba ta shiga taɓo don a huda jarka? Da yamma a majalisa ya bayyana wa abokansa sakamakon bincikensa: "Kano suke kai su su sayar. Mu kuma a bar mu da sannu Baba."

Saboda haka ya riƙa ba su fasassu, ya ɓoye wata fara mai jan murfi. Ya wanke ta har warin ya tafi, ko kuma hancinsa ya gaji. Ya kai wa matarsa Safara'u, mai sana'ar ƙuli-ƙuli.

Ta jujjuya ta, ta ce, "Malam, wannan ba ta maganin nan ba ce?"

"Da ce. Yanzu ta tuba."

Safara'u ta zuba man gyaɗan da za a ci a gida, ta rufe ta ajiye.

Wata Asabar aka yi ɗan wake da safe, aka buɗe man. Haladu ya riga ya tafi fadama, Safara'u kuma tana ramuwar azumi. Mahaifiyarsa, Inna Hansai, mai son ta ga mai yana iyo a kwano, ta ci tare da jikarta Khairiyya, ƙaramar 'yarsa. Kafin hantsi ya dushe su biyun suna kwance, ga amai, ga gumi, ga yawu yana dalala. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da iliminsa. Wata ta ce kwalara ce, wata ta ce iska ce, har an tafi ɗebo garwashi don a yi musu hayaƙi.

Da aka kai wa Haladu labari a fadama, ɗaliban suna kusa. Rahila ta ga yadda ya jefar da fartanya ya zura da gudu, ta shiga motarsu ta sa direba ya bi shi.

Tana shiga ta ce, "Mama, me suka ci?" Safara'u ta nuna kwanon, ta nuna jarkar a gefen murhu. Rahila ta dube ta, ta dubi Haladu. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai naɗe jarkar a leda ta ce, "A sa su a mota. Da wannan za mu tafi, likita ya ga sunan maganin."

Haladu bai ɓare takardar jikin jarkar ba, don hoton tumatirin da ke kai ya burge shi. A duk dabarunsa, wannan kaɗai ta yi rana. A asibiti likita ya karanta, ya san allurar da zai yi ba tare da lalube ba. Rahila ta zauna riƙe da hannun Khairiyya har numfashinta ya daidaita.

Inna Hansai ba ta kai la'asar ba.

Ranar addu'ar uku Rahila ta zo ta'aziyya da abokan karatunta, ta yafa mayafi ta durƙusa a zaure. Haladu ya amsa gaisuwarta. Can ya ce, "Malama Rahila, ni ne na ce sayarwa kuke yi."

"Mun ji, Baba. Ai fadamar ba ta da faɗi. Yaya jikin Khairiyya?"

Ya aika aka fito da ita. An sallamo ta da safen nan, ta rame, amma da ƙafarta ta tako. Haladu ya dafa kanta, ya ce, "Ga ta nan. Bayan Allah, ke ce. Na rasa uwa da hannuna, kin hana ni rasa 'ya. Allah ya biya ki, ya biya iyayenki."

Jama'a, jarkar maganin feshi ba ta wankuwa. A huda ta, a nisanta ta da ruwa da abinci. Kuma in masu ilimi suka baro inuwa suka biyo mu gona kyauta don su gargaɗe mu, mu saurare su, mu gode musu tun kowa yana da rai.