Kwalin Zamzam a Motar Koci

"Koci, ba ka ce ka ƙi tayin kulob ɗin Riyad ba?"

Ni ne kyaftin ɗin ƙwallon kwando na kwalejinmu, ni na buɗe bayan motarsa. Cikin ƙwallaye ga kwalin zamzam a liƙe, irin na shiga jirgi. Koci haifaffen unguwar Shisha ne a nan Makka, me zai yi da wannan? Mu jarka muke cikowa. Ga shi sati biyu yana keɓewa in zai amsa waya.

"Ɗauko shi, ya waladi, ɗana."

Na fizgo kwalin ina huci. A gefensa, da rubutun koci, sunana ne.

"Ni suka nema, na tura musu bidiyonka. Alhamis za su gwada ka. Ɗan Makka ba ya zuwa hannu rabbana."